Hoton Alhaji a Cikin Lefe

"Maman Damilola, ki bar shi a naɗe mana!" in ji Safina da sauri.

Amma Kikelomo, wato Maman Damilola, tela ce, ba ta yabon atamfa sai ta ga cikinta. Ta riga ta warware turmin a kan tabarma, gaban matan Unguwar Tudu da suka cika gidan su Mashkura don ganin lefe.

Guɗar da ake yi ta tsaya.

Fuskar Alhaji Maliki ce a jikin atamfar, mai neman kujerar kansila, yana murmushi daga wannan baki har wancan.

Mashkura tana ɗaki, kamar yadda amarya ke yi ranar da aka kawo kayanta. Shirun ne ya sa ta ɗaga labule. Nan ta hango zanen.

Tun da burtsatsen unguwar ya lalace, ita ce ta bi gida-gida ta tara mata. Suka yi alkawari guda: ba za su karɓi zane ko sabulu ko taliya daga hannun kowane ɗan takara ba, sai an gyara musu ruwa. Sun jure sayen ruwan kura, sun jure habaicin maƙwabta. Yau ga zanen ɗan takara a cikin akwatin shugabarsu.

Kikelomo ta jawo turmin da ke ƙarƙashi ta buɗe. Shi ma haka.

Gwaggo Asama'u, ƙanwar mahaifin ango, ta dafe ƙirji. "Safina, mi nike gani? Ba ce miki na yi ki sawo muna atamfa 'yan Kwatano ba?"

Safina tana saro atamfa daga tsallaken iyaka, shi ya sa aka ba ta sayayyar. Ita ce kuma shugabar mata magoya bayan Alhaji Maliki. Kowa a Bagudo ya san ta daɗe tana kai wa angon, Zayyanu, gaisuwar da bai nema ba.

"Gudummawar Alhaji ce, Gwaggo," ta ce tana gyara gyale. "Zayyanu yaronshi ne, shi ke tara mishi matasa. Kuma ai an riga an karɓi lefe, har an ba mu tukuici."

Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Shugaba ta karɓa, saura ku!"

* * *

Bayan an watse, Mashkura ta ware turamen biyu ta ajiye gefe.

"Inna, a mayar musu da waɗannan."

Inna Rabi ta daina tsintar shinkafa ta dube ta. "A mayar da mi?"

"Su biyun kawai..."

"Ke ɗiyar nan, ina kika taɓa jin an mayar da kaya daga cikin lefe? Ko ɗankwali ya fita daga gidan nan ya koma can, cewa za su yi mun fasa. Uban Zayyanu mutum ne mai zuciya, ba zai tsaya tambaya ba."

"Inna, matan nan saboda ni suka ƙi karɓa."

"To su za ki aura? Ki jefa su ƙasan akwati. Wa ya ce sai kin ɗaura?"

Mashkura ta mayar da turamen cikin akwati. Ta san Inna ba ta faɗi ƙarya ba, ta kuma san ba ɗaurawar ce damuwar ba. Mata sun gani da idonsu.

Bayan la'asar Zayyanu ya zo, ya jingine babur a jikin katanga. Ta same shi a zaure.

"Sarauniyata..."

"Ka san da shi?"

"Wallahi ban sani ba. Wane namiji ke leƙa akwatin lefe? Na ba Gwaggo abin da ya sawwaƙa, na koma harkata. Alhaji ya ce mini zai sa albarka, na ɗauka goro yake nufi."

Ta yarda da shi. Tun farkon haɗuwarsu suka yi magana a fili: shi yana tare da Alhaji, ita tana tare da matan unguwa, kuma ba wanda zai jawo wani.

"To yanzu ya za a yi?" ta tambaya.

"Ki ɓoye su. Bayan zaɓe kowa ya manta."

"Bayan zaɓe wa zai saurare mu, Zayyanu? Yanzu ne kawai ake sallama a ƙofarmu. In alkawarin nan ya karye, shi ke nan, sai wani zaɓen."

"In kuma kika mayar, Baba zai ce an wulaƙanta shi."

"Ba zan mayar ba."

Ya saki ajiyar zuciya.

"Ku za ku zo ku ɗauka," ta ce a hankali. "In daga wurinmu ya fita, mayarwa ce. In daga wurinku aka zo aka ce an yi kuskure za a canza, gyara ne. Ba wanda zai ji kunya."

"Sai Alhaji."

"Awo, sai shi."

Zayyanu ya cire hula ya riƙe a hannu. "Kin san ya yi mini alkawarin aiki a sakatariya in ya ci. Da shi nake lissafin riƙe ki, Mashkura. In na mayar mishi da kyautarshi, na gama."

"Na sani, masoyi."

"Kin sani, kuma kina faɗi?"

"Ban ce dole ba. Na faɗa maka abin da zai fisshe ni ne."

Ya mayar da hularsa ka. Daga nan ya tashi babur ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa ta yi kukanta.

* * *

Kwanakin da suka biyo ba su yi daɗi ba. Zayyanu bai zo ba, bai kira ba. Safina kuwa ta ɗora atamfofi a bayan ɗan acaba tana bin gidaje.

"Gida huɗu sun karɓa a layinmu," in ji Kikelomo ranar da ta zo auna ta. "Har an kawo mini ɗinki. Na ce keken ɗinki ya lalace."

"Na gode, Anti."

"Kar ki gode. In yaron nan bai motsa ba, keken zai gyaru da kanshi. Ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa a gida."

Ranar Asabar da hantsi ne taron mata, a gindin tankin burtsatsen da ya bushe. Waɗanda suka zo ba su kai rabin na da ba. Mashkura ta miƙe za ta yi magana, wata tsohuwa ta riga ta.

"Ɗiyata, ba mu ƙi taki ba. Amma ke kin samu biyu, mu ko ɗaya a ce kar mu taɓa?"

Mashkura ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. In ta ce za ta mayar, ta rushe aurenta a gaban jama'a. In ta yi shiru, ta rushe ƙungiya.

Sai aka ji guɗa daga bakin layi.

Gwaggo Asama'u ce, da mata biyu a bayanta, ɗaya ɗauke da ƙullin kaya a ka. Ba ta wuce gidan su Mashkura ba, nan ta nufo.

"Salamu alaikum, mutanen ruwa!" ta ce tana haki. "An ce mini a nan zan same ku, kuma gara a nan ɗin. Ku shaida, mun yi kuskure a lefen ɗiyarmu. Mun sa abin da ba namu ba. Mun zo mu ɗauki kayan mutane, mu sa namu."

Ta kwance ƙullin. Atamfa ce turmi biyu, marasa tsada, ɗaya shuɗiya ɗaya mai ganye-ganye.

"Maman Damilola, zo ki warware. Wannan karon har ƙarshe!"

Dariya ta ɓarke. Kikelomo ta warware, ta juya ciki da waje, ta ɗaga sama. Babu fuskar kowa.

Tsohuwar nan ta gyara zama. "To, wadda ta karɓa a layinmu ta san inda ta karɓo."

* * *

Da yamma Zayyanu ya zo gidan su Mashkura. A ƙasa ya zo.

"Ina babur ɗin?" ta tambaya.

"Na Alhaji ne ai."

Ta zauna a bakin dakalin zaure, ta kasa haɗa ido da shi.

"Da kaina na kai mishi atamfofinshi," ya ce. "Na ce mun gode, amma matata ba ta sa wannan. Ya ce ashe tun ba a ɗaura ba an ɗaure ni. Safina na gefe tana dariya."

"Kai mi ka ce?"

"Na ce in yana son ƙuri'ar Unguwar Tudu, injin burtsatse ya fi atamfa araha. Sai ya ce in ajiye makulli."

"Zayyanu... ka yi haƙuri."

"Kwana nawa ina jin haushinki, kin sani? Har Bahindi na tafi wurin yayana don kar in gan ki. Can na ga matarshi ta ɗebo ruwa a ƙofar gida, ko mayafi ba ta nema ba. Na tuna Innarki tana jiran mai kurar ruwa tun safe." Ya ɗan yi murmushi. "Yaya ya ce in zo mu yi noman shinkafa a fadama. Ba sakatariya ba ce, amma ba za ki kwana da yunwa ba."

"Ni na ce maka sakatariya nake so?"

"Ba ki ce ba."

"To."

Daga cikin gida Inna Rabi ta ɗaga murya. "Mashkura! Wanga baƙon naki ya ci abinci kuwa?"

Ba ta taɓa tambayar haka ba.

An ɗaura aure ranar Juma'ar da aka sa, ba a ɗaga ba. Alhaji Maliki bai zo ba, amma atamfofinsa sun yi ta komawa hannun Safina ɗaya bayan ɗaya, har ta daina fitowa da su. Ana saura mako guda zaɓe, ya aiko a tambayi matan Unguwar Tudu yaushe za su ba shi lokaci ya zo su zauna.

Saƙon ya iske Mashkura a sabon ɗakinta, tana zuba wa Zayyanu tuwo kafin ya wuce gona.

"Mi zan ce mishi?" ta tambaya.

"Ni kike tambaya? An kore ni daga siyasa, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, ta juya ga matar da aka aiko.

"Ki ce mishi Asabar da hantsi, a gindin tanki. Kuma shi taho da mai gyara."