Inda Dada Take Zuwa da Safe

A unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Douala, akwai wata yarinya mai yawan tambaya. Tana zaune da mamanta da kakarta, wadda kowa yake kira Dada.

Kullum da safe Dada takan yafa mayafi ta fita a ƙafa. Ko ana ruwan sama sai ta fita. Masu babur sukan tsaya su ce, "Mama, hau mana!"

Sai ta ce, "Ƙafata ƙalau take, ɗana."

Wata rana yarinyar ta ce, "Dada, wai ina kike zuwa ne?"

Dada ta yi murmushi ta ce, "Wurin harkata."

Ranar Asabar babu lekol, wato makarantar boko, sai yarinyar ta bi ta a ɓoye. Suka tsallake kwata, suka wuce masu suyar fanke, har wani ɗaki kusa da masallaci. Yarinyar ta leƙa ta taga.

Ashe tsofaffin mata ne zaune a kan tabarma. Malama Hapsatu tana koya musu baƙaƙen Larabci. Dada ta sa tabarau, tana bi da yatsa. Aka nuna mata "ta", sai ta ce "ba".

Yarinyar ta fashe da dariya. Ta ruga ta faɗa wa yaran layinsu. Da Dada ta dawo, suka bi ta suna tafi: "Dada 'yar aji ɗaya! Dada 'yar aji ɗaya!"

Dada ta shige gida abinta. Amma washegari ba ta fita ba. Haka aka yi kwana da kwanaki. Ta daina hira, abinci ma sai ta ɗan taɓa. Gwiwarta ta fara ciwo saboda zama.

Yarinyar ta damu. Ta ce, "Mama, Dada ba ta da lafiya ne?"

Mama ta ce, "Ranta ne ya ɓaci. Ko kin san wanda ya turo mata yaran nan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta je ta durƙusa gaban Dada tana hawaye.

"Dada, ni ce. Ki yafe mini."

"Na sani, jikalle. Ai na ji dariyarki ta taga."

"To amma me ya sa sai yanzu kike karatu?"

Dada ta jawo ta kusa ta ce, "Tun ina ƙarama nake sayar wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa abinci. Da shi na raini mamanki. Surorin da nake sallah da su, da ka na koye su. Yanzu na huta, ina so in karanta Alƙur'ani da idona. In mun tashi daga karatu kuma mukan biya mu duba marasa lafiya. Tafiyar nan ita ke warware mini jiki."

Yarinyar ta fita ta tara yaran. Ta ce, "Na yi kuskure. Ku zo mu ba Dada haƙuri." Duk suka zo suka durƙusa.

Da gari ya waye ta raka Dada makaranta. Tsofaffin suka tarye ta da murna. Inna Hadija, ƙawar Dada, ta ce, "Kin gudu kin bar ni da 'jim' ni kaɗai!" Kowa ya yi dariya, har da Dada.

Da yamma kuma jika da kaka sukan zauna su yi bita tare. Kafin azumi ya kama, Dada ta buɗe Alƙur'ani ta karanta Ƙulhuwallahu da kanta. Mama ta rangaɗa guɗa.

Tun daga nan yarinyar ta gane cewa tsufa ba ya hana mutum koyo da neman kusanci da Allah. In ka ga tsoho yana ƙoƙari, kada ka yi masa dariya. Ka ƙarfafa masa gwiwa.