Kitso Uku

Sanyin Nuwamba ya riga ya fasa yatsun Zalia, amma tun tashinta daga makaranta tana tsaye tana kitso a shagon Tanti Habsatou da ke titin 125 a Harlem. Haka rayuwarta ta koma tun rasuwar mahaifiyarta bara: aji da safe, shago da yamma, wanke-wanke in sun koma gida a unguwar Tremont, karatu kuwa sai a cikin jirgin ƙasa, a tsaye, littafi a hannu ɗaya, ƙarfen dafawa a ɗayan. Mahaifinta ya rasu a Maraɗi tana goye. Kawu Tamimu, yayan mahaifiyarta, shi ya ɗauke ta riƙo, sai dai direban tasi ne, ba ya ganin gidansa sai da barci a ido. Matarsa, Tanti Habsatou, ita ce mai iko. Zalia ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta kuma taɓa sunkuyar da kai ba, wannan ne ma ya fi ƙona wa Tanti rai.

Fata ɗaya ta rage mata. Ta nemi wata babbar jami'a ta hanyar nema da wuri, wadda ɗalibi ke zaɓar makaranta guda tal, amsa ta fito tsakiyar Disamba. 'Yan ajinsu kullum ido na kan waya, wasu har abinci ya gagare su. A rubutun da ake nema kowa ya ba da labarin kansa, Zalia ta rubuta ranar da ta shiga ɗakin wankan gawa aka wanke mahaifiyarta da ita. Ba ta faɗi komai game da jikin ba. Ta faɗi yadda hannunta ya daina rawa da ta ɗauki butar, da yadda ta raba gashin nan gida uku ta kitse shi a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi mai barci.

Wata rana da yamma wayar makaranta ta same ta a shago. Washegari Misis Ortega, malamar da ke kula da neman jami'a, ta zaunar da ita, fuska ba walwala. Rubutu biyu iri ɗaya sun isa jami'ar, in ji ta, nata da na Mariatu, 'yar Kawu Tamimu, sa'arta kuma 'yar ajinsu. Inda Zalia ta ce uwata, Mariatu ta ce gwaggona, shi ke nan bambancin. Kuma a kwamfutar Mariatu aka fara rubutun, domin Zalia ba ta da tata, aro take yi. An dakatar da nemansu su duka biyun, wadda aka samu da sata kuwa ba wannan jami'ar kaɗai za ta rasa ba.

Tanti Habsatou ta zo makarantar da mayafinta mai tsada, ta dafa ƙirji.

"Wallahi 'yata ce ta shiga ɗakin wankan. Wannan sumewa ta yi a bakin ƙofa, ni na yayyafa mata ruwa. Na ci da ita, na sha da ita, sakayyar ke nan."

A gida aka karɓe wayarta, aka mayar da shimfiɗarta falo kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Kawu ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Zalia, ban zaci haka daga 'yar ƙanwata ba." Wannan kalma ta fi sanyin ciwo. Ta kifa goshi a kan darduma tana kuka ba sauti... "Ya Allah, Kai ka ga wadda ta riƙe butar. Sun raba ni da makaranta, kada su raba ni da ranar ƙarshe da na taɓa uwata."

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya: Hajiya Hamdatu, dattijuwar Kumasi mai jagorantar wankan mata a masallacin unguwa. Zalia ta same ta ta durƙusa.

"'Yata," in ji Hajiya, "mu masu wanka ba mu fita da zancen ɗakin nan. Amana ce. Ban taɓa ba da labarinsa ga mijina ba, balle ga Bature."

"Ko sunan wadda ta shiga, Hajiya?"

"Yau suna, gobe a tambaye ni me na gani. Tashi ki je."

Zalia ta share hawaye ta miƙe. Ba ta sake roƙo ba.

Tanti kuwa baki ya ƙi rufuwa. Ranar Juma'a a sashen mata ta yi ta yabon Mariatu: yarinya haihuwar Amurka, amma ta wanke gwaggonta ba gezau, har Turawa na kuka in sun karanta. Hajiya Hamdatu na gefe tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

A makon ne wata baiwar Allah 'yar Damagaram ta rasu a unguwar Highbridge, ba ta da kowa a ƙasar nan. Mata suka taru a gidan shirya gawa, masu wanka biyu suna wurin aiki, ba a same su ba. Hajiya ta leƙo daga ɗakin, hannun riga a naɗe.

"Habsatou, ba ni aron 'yarki, tunda ta saba. Lada ne."

Mata suka ce ma sha Allah. Tanti ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta tura Mariatu gaba. Mariatu ta taka har bakin ƙofa. Ƙamshin kafur ya bugo ta, ta hango farin ƙyalle shimfiɗe a kan mutum, ta ji irin shirun da babu kamarsa a duk birnin New York... Ta zube a wurin, da Hausarta mai tsami ta ce, "Mama, ba zan iya ba. Ban taɓa shiga ba, kin sani. Ke kika ce in ɗauki rubutun Zalia, kika ce marainiya ba mai tsaya mata!"

Kawu Tamimu, da ya zo ɗaukar makara, yana tsaye a farfajiya, ya ji komai.

Zalia ba ta kalli kowa ba. Ta cire rigar sanyinta, ta naɗe hannu, ta yi bismillah, ta wuce ta gefen Mariatu ta shiga. Abin da ya faru a ciki ba zan faɗa muku ba, amana ce. Na dai san baƙuwar nan da ba ta da kowa ta tafi da kitso uku, kuma da Zalia ta fito, dattijan mata suka matsa suka ba ta hanya kamar yadda ake ba malami.

Kawu da kansa ya kai Mariatu gaban Misis Ortega ta maimaita maganarta. Aka soke nemanta, aka sanar da jami'ar. Tanti kuwa, labari ya riga ta isa Harlem. Matan da ke cika shagonta suka ɗauke ƙafa, a masallaci kuma sai ta zauna sahu ya yi mata faɗi. Kawu ya tsaya gaban Zalia, babban mutum, hawaye na bin gemunsa.

"Ki yafe mini, uwata."

"Na yafe, Kawu. Amma shago na bar shi."

Ranar amsa, da yamma, ba ta buɗe saƙon a gida ba. Ta tafi wurin Hajiya Hamdatu, dusar ƙanƙara na sauka a hankali kan rufin motoci. Ta danna wayarta da aka mayar mata, ta karanta layin farko, ta sake karantawa. An ɗauke ta. A ƙasa wata daga cikin masu zaɓen ɗalibai ta ƙara da cewa ta karanta dubban rubutu bana, nata ne kaɗai ya sa ta tashi ta kira mahaifiyarta.

Zalia ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Hajiya ta kamo hannayen nan masu faso, ta juya su tana kallo.

"Kin ga ban faɗa wa kowa ba," ta ce.

"Na gani, Hajiya."

"To, juyo. Kitsonki ya tsufa, 'yar jami'a. Yau ke za a yi wa kitso."