Kundin Mushe Akila

Ranar Litinin da hantsi Mushe Akila ya shigo komisariyar 'yan sandan Tanut, sandarsa na buga siminti, ya ce an yi masa sata. Insifekta Aghali ya tambayi abin da aka ɗauka. Ba kuɗi ba ne, ba waya ba. Kundi ne guda.

Aghali ya kusa sallamarsa, sai dai duk Tanut an san tsohon. Shekara talatin ya yi yana koyar da Ingilishi a lakwal, da ya ajiye aiki ya koma gyaran rubutun mutane. Mai wasiƙar neman aiki, mai rahoto, duk wurinsa ake zuwa: ina waƙafi zai zauna, wace kalma ke son babban harafi, rubutun Ingila za a bi ko na Amurka. Tsarinsa ɗaya ne. Takardar da ka kawo da kurakuranta zai liƙa da ƙaro a shafin hagu, da sunanka a sama, gyara da dalilinsa a shafin dama. Yanzu yana shirin kai aikin Damagaram a buga shi littafi.

"Wa kake zargi, Mushe?"

"Raliya. Ita kaɗai na nuna wa inda makulli yake."

Raliya ita ce mai shagon buga takardu a bakin tasha, ita ke kwafe kundin cikin inji.

Aghali ya je gidan. An shiga ne ranar Lahadi da safe, tsohon na majami'a. Ba a fasa kwaɗo ba. Makullin na ƙarƙashin randa a ƙofar baya, inda ya saba zama. Rediyo na kan tebur, agogo na rataye, babu wanda ya taɓa su. Wanda ya shigo ya san abin da ya kawo shi.

Shagon Raliya kuwa ya same shi fayau. Labari ya riga shi zuwa, mutane sun kwashe takardunsu tun safe. Mai buga takardu da aka kira ɓarauniya ta gama sana'a a garin nan, ita ma ta sani.

Da fari ta rantse ba ta san zancen makulli ba.

"Mushe ya ce shi ya nuna miki."

Sai ta ce tsoro ne ya sa ta musa. Aghali bai saki fuska ba. Ya ce ta nuna masa abin da ta buga. Ta zaro shafi ɗari da wani abu. Shi bai san ko kalma biyar ta Ingilishi ba, amma ya san suna idan ya gani, kuma bai ga ko ɗaya ba.

"Ina sunayen?"

"Mushe ya ce in cire duka. Ya ce amana ce."

"Wa ya san an cire?"

"Ni da shi."

"Wa ya san za a buga littafin?"

"Duk gari, ranka ya daɗe. A rediyo ya faɗa."

Aghali ya ce kada ta bar Tanut. Bai wanke ta ba, amma ya fita yana tunanin wanda zai ji zancen rediyon nan ya tsorata.

Ranar Laraba, talatin ga wata, ya tafi zauren Mushe ya zauna a lungu kamar baƙo. Masu jaje na ta shigowa. Kowa ya ce Allah ya tona asiri, sai ya ɗan yi tari, ya zaro takarda daga aljihu, wai tun da ya zo. Tsohon na masifa yana gyarawa.

Mutum ɗaya ne ya zo hannu rabbana. Haris, mai rubuta rahoton wata ƙungiya da ke haƙa wa makiyaya rijiyoyi wajen Belbeji. Ya yi jaje mai tsawo, ya ce 'yan matan yanzu ba a ba su makulli, ya tafi.

"Shi wannan ba ya kawo gyara?" in ji Aghali.

Mushe ya ce ba ya tona asirin masu zuwa wurinsa. Aghali ya ce to ya zaɓa, asirin mutum ɗaya ko abincin Raliya. Sai tsohon ya buɗe baki.

"Shekara shida, kowane ƙarshen wata. Da tsakar rana yake zuwa, in hanya ta yi shiru."

"Ta wace ƙofa?"

"Ta baya, wajen randa."

Wanda ya daina zuwa rijiya, Aghali ya faɗa a ransa, ya samu ruwa a gida.

Da azahar ya isa biro, wato ofishin ƙungiyar. Haris ya tare shi da shayi da fara'a. Ya ce shi Ingilishinsa a Ghana ya sha shi, bai taɓa kai wa kowa gyara ba, yakan dai je ya gaida Mushe don girma. Rahoton watan nan ma gobe zai tura.

Aghali ya nuna jin daɗi. Ya ce dama neman taimako ya kawo shi. Yana son cigiyar kundin da Ingilishi, layi goma, don a aika wa 'yan sandan ƙetaren iyaka, kuma Mushe da kansa zai duba ta kafin a tura. Ya ajiye masa farar takarda, ya ɗauki buta, ya ce bari ya yi salla.

Bai yi nisa ba. Ya tsaya bayan taga ya ƙirga ɗari, ya ji ƙarar aljihun tebur, ya koma ciki.

Kundin na buɗe kan cinyar Haris, yatsansa na bin shafin dama.

"Ghana ce wannan?"

Haris bai yi gardama ba. Ya ce da wasiƙar da Mushe ya gyara ya samu aikin, shugabanninsa kuma har gobe sun ɗauka shi ke rubutawa. Da ya ji rediyo ya hango sunansa a shafi saba'in a hannun kowa. Ya ɗauko kundin ne don ya ƙona.

"Me ya hana ka?"

"Wata ya ƙare, Insifekta. Da me zan rubuta rahoton?"

Aghali ya zaro shafi ɗaya na bugun Raliya daga aljihu ya shimfiɗa masa. Haris ya gane jimlolinsa, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayan takardar.

"Babu suna," ya faɗa a hankali.

"A littafin tun farko babu. Tsohon ya rufa maka asiri, kai ka jefa yarinyar mutane a bakin duniya."

Aghali ya rungumi kundin, ya ce ta bakin tasha za su bi, a ƙafa, kuma za su tsaya ƙofar shagon Raliya har masu shayi su gama kallo. Haris ya tambaya ko dole ne a rubuta maganar.

"Dole. Da Faransanci, babu mai gyara maka," in ji Aghali, yana tura shi gaba. "Wannan karon sunanka na sama."