Randar Tsohuwar Tasha

Da safiyar ranar da za a kai littafi na ashirin maɗaba'a, Edita ya buɗe fayil ya tarar babi na tara ya yi ƙafa. Shafi goma sha ɗaya da ambulan ɗin hoto, babu su babu dalilinsu. Ƙofar ofis kuwa lafiya lau, ba a taɓa kwaɗo ba.

Shekara talatin tsohon nan yana buga mujallar al'ajaban yankinsu, daga bishiya mai kuka zuwa kogon da ke amsa sallama, yana tara su littafi-littafi da rubutun hannunsa. Amma babi na tara ne abin alfaharinsa. A tsohuwar tashar da jirgin ƙasa ya daina tsayawa, akwai wata randa da kullum ake wayar gari a cike, ba a san mai cika ta ba. Bana mai hoton mujallar ya yi kwanto da sassafe, ya ɗauko hoton wata mata ta baya, riƙe da bokiti.

"In babu babin nan, babu littafi," in ji Edita, ya zube kan kujera.

Auta, 'yarsa mai duba rubutu, ba ta iya jure ganin ubanta haka. Ta fara da mai hoto.

"Ina fim ɗin?"

"Yana cikin ambulan, Anti. Kin san Baba ba ya yarda da hoton waya."

"Wa ka nuna wa?"

"Ko matata ba ta gani ba. Sati uku sauro na cina a kan hoton nan, ni kuma zan sace shi?"

Sakatariya ta miƙo katin asibiti. Tun jiya da azahar tana jinyar mijinta, makullinta kuma a aljihun Edita ya kwana. Saura makulli ɗaya, wanda ke rataye a ƙusa a falon gidan Edita.

Auta ta koma kan fayil ɗin. An ɗaure shi da zare, an sake wa shafuka lamba da fensir a ƙasan hagu, babi na takwas ya zarce na goma sumul. Ta buɗe kabad ɗin tsofaffin ayyuka. Ga zaren, ga fensir, ga ƙasan hagu, a duk fayil ɗin da ya haura shekara goma sha biyar. Ta rufe kabad, ta nufi gida.

Ta sami mahaifiyarta a tsakar gida tana ninke kaya.

"Umma, ina babin Baba?"

"Ni kike tambaya?"

"Yanzu da biro muke sa lamba a sama, mu danna ƙarfe. Zare da fensir aikinki ne, tun kina ofis. Ɓarawo ɗauka zai yi ya gudu. Ke ce ba ki iya barin fayil a hargitse."

Umma ta ajiye rigar hannunta. Ta bar aikin mujalla ne a shekarar da ɗanta na fari, yayan Auta, ya hau jirgi a tashar nan zuwa neman aiki, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Da zai hau, ya ce, 'Umma, ki ajiye min ruwan sanyi, hanyar nan akwai ƙishi.' Wasa yake yi." Umma ta dubi Auta. "In aka buga, jama'a za su cika wurin, wani ma ya ɗauke randar. In ya sauko fa, Auta? Me zai sha?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Tausayin uwarta ya cika ta, ga kunyar ita ce ta tona mata asiri.

Sai suka ji motsi. Edita ne a bakin ƙofa, ya biyo Auta, ya ji komai. Wata guda yana duban hoton nan da tabarau, bai gane bayan matarsa ba. Shekara goma sha biyar yana zaton tattakin da likita ya sa ta ne ke fitar da ita.

Umma ta ɗauko ambulan daga ƙarƙashin kayan ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Auta, kai fayil ɗin maɗaba'a yadda ta ɗaure shi."

Washegari da sassafe Auta ta ji ƙarar famfo, ta leƙa ta taga. Umma ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, Baba ya riga ta kai hannu.

"Bari," ya ce. "Kin daɗe kina ɗauka ke kaɗai."