Jajayen Haƙoran Baba Mutaru

A unguwar Morris Heights, a birnin New York, akwai wata yarinya mai suna Rufaida. Shekararta goma. Suna zaune a hawa na biyar, ita da iyayenta da kakarta Dada, wadda ta zo daga Kano bara.

Rufaida akwai son sanin komai. In ta ga ƙofa a buɗe sai ta leƙa. In ta ga leda a ɗaure sai ta latsa. Abu ɗaya ne ba ta yi, wato tambaya. Ita a ganinta, gwanin bincike ba ya tambayar kowa.

A talabijin ta koyo wannan. Duk Asabar bayan la'asar ana nuna wani shiri na wani ɗan sanda mai bincike. Shi wannan ɗan sanda mai shan jini ne, irin wanda yara ke kira bamfaya. Wai ya tuba, yanzu miyagu yake kamawa. Kullum yana cikin doguwar baƙar kwat, shi ya sa Dada ta sa masa suna Sufeto Baƙar Kwat.

Wata Asabar suka zauna kallo. Dada ta ɓantari goronta, ta miƙe ƙafa.

"Ƙawata," in ji Dada, don haka take kiran Rufaida, "shekarar mutumin nan nawa?"

"Ɗari uku, Dada."

"Ɗari uku, kuma har yau sufeto ne? Ba a taɓa yi masa ƙarin girma ba? To lallai ba ya aikin kirki."

"Dada, ki bari in ji mana!"

A shirin ranar, an sace jini daga wani asibiti. Sufeto ya zo bincike. Ga ƙofa a buɗe, amma ya bi ta taga.

"Dubi wannan," in ji Dada. "Ba sallama, ba gaisuwa. Kuma su ba su da fitila ne? Tun da aka fara, a duhu suke magana."

"Ba ya son haske ne, Dada. Ko a madubi ba ya ganin kansa."

"Ba ya ganin kansa? To wa ke yi masa wannan gyaran gashin?"

Umma ta fashe da dariya daga kicin. Rufaida ta turo baki.

Sufeto ya shinshina labule. Ya shinshina bango. Ya kalli sama ya yi shiru, aka buga wani kiɗa mai ban tsoro. Sai kawai ya ce mai gidan burodi ne ɓarawon, don da dare yake aiki, kuma labulensa a rufe yake da rana. Aka je aka kama shi. Kuma wai shi ɗin ne.

"Kin gani ko?" in ji Rufaida. "Bai taɓa yin kuskure ba!"

"Ina zai yi kuskure, tunda wanda ya rubuta labarin abokinsa ne?" in ji Dada. "Mutumin nan tambaya ɗaya bai yi wa kowa ba. Hanci kawai yake yawo da shi."

Rufaida ba ta saurare ta ba. Ta riga ta ɗauko wani ƙaramin littafi, ta rubuta a bangonsa: Littafin Bincike.

A hawa na huɗu akwai sababbin maƙwabta. Baba Mutaru mutumin Ghana ne, ya daɗe a New York. 'Yarsa Hidaya kuwa sati uku ke nan da zuwanta daga Kumasi. Ajinsu ɗaya da Rufaida, kuma tare suke zuwa tashar bas. Hidaya ba ta da wata ƙawa a duk birnin sai ita.

Ranar Litinin da safe Rufaida ta haɗu da Baba Mutaru a bakin lif. Dawowarsa ke nan, idanunsa sun yi ja. Yana riƙe da wata 'yar kula fara, an manna mata hoton ɗigon jini.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau, 'yata," ya ce, ya yi murmushi.

Rufaida ta ƙura wa bakinsa ido. Haƙoransa jajaye ne!

A cikin bas ta rubuta: Na ɗaya, jajayen haƙora. Na biyu, kular jini. Da aka taso daga makaranta ta ɗaga kai ta kalli tagar su Baba Mutaru. Rana tsaka, labule a rufe ruf. Ta rubuta na uku.

Ranar Alhamis Umma ta aike ta da shinkafa da miya, ta ce ta kai wa maƙwabta. Miyar ta ji tafarnuwa, kuma a shirin an ce masu shan jini ba sa son tafarnuwa. Baba Mutaru ya karɓa ya yi godiya.

"Ba za ka ci ba, Baba?"

"Sai magariba, in Allah ya so."

Rufaida ta hau bene da gudu. Ba ya cin abinci sai rana ta faɗi! Na huɗu ke nan. Daɗi ya kama ta ƙwarai, don a ganinta ta kamo sufeto.

Washegari a bas ta nuna wa wani ɗan ajinsu, Jamal, littafin.

"Kada ka gaya wa kowa," ta ce.

"Ni? Haba!" in ji Jamal.

Kafin a buga ƙararrawar cin abinci, duk aji ya sani. Yaran da ke zama kusa da Hidaya suka ja kujerunsu baya. Wani ya ajiye mata tafarnuwa a kan tebur. Wani ya ce, "Rufe wuyanka, ga 'yar bamfaya nan!" Aka yi ta dariya.

Hidaya ta ɗauki farantinta ta koma can ƙarshe. Ta zauna ita kaɗai, ba ta ci ko loma ɗaya ba. Rufaida ta hango ta. Amma ba ta tashi ba.

Ranar Litinin Hidaya ba ta zo makaranta ba. Talata ma haka.

Da yammacin Talata aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Mutaru ne. Umma ta shigo da shi falo, ya gaida Dada, ya zauna a bakin kujera. Ya yi magana da Hausarsa ta mutanen Zangon Ghana, wadda ba ta bambanta mace da namiji.

"Hajiya, taimako na zo nema. Hidaya ba ya ci, ba ya barci, kuka kawai. Ya ce yara sun ce ni mai shan jini ne. Ya ce in mai da shi Kumasi wurin gwaggonsa. Shekara shida ina neman takarda don in kawo yarinyar nan. Amma in haka zai ci gaba, gara ya koma."

Sai ya juyo ga Rufaida.

"'Yata, ke kaɗai ce ƙawarsa. Ko kin san wanda ya fara maganar nan?"

Rufaida ta kalli ƙasa. Kunya ta rufe ta. Da sufeto ne, da ya fita ta taga. Ita kuwa a hawa na biyar take.

"Ni ce, Baba," ta ce a hankali, sai hawaye.



"Ke?" in ji Umma. "Rufaida, ke?"

"Ɗauko min littafin nan da kike ɓoyewa," in ji Dada. Wannan karon babu wasa a muryarta.

Rufaida ta ɗauko. Dada ta ce ta karanta, kuma bayan kowane ɗaya ta tambayi mai shi.

"Baba, me ya sa labulenku a rufe yake da rana?"

"Da dare nake aiki. In ban rufe ba, ba na samun barci."

"Kular fa?"

"Aikina ke nan. In an ɗebi jinin marasa lafiya a asibiti, ni nake kaiwa wurin gwaji da mota. Da safe likita zai san abin da ke damunsu. Kular da kika gani, babu komai a ciki."

"Abincin fa? Ka ce sai magariba."

"Azumin Alhamis nake yi. Da na sha ruwa na cinye shi tas. Miyar ta yi daɗi, Hajiya, medaase, wato na gode."

Saura ɗaya. Rufaida ta kasa faɗa, sai ta nuna bakinta da yatsa.

"Matso nan," in ji Dada. Ta buɗe baki ta yaƙe haƙora. "Me kika gani?"

Rufaida ta zaro ido. Haƙoran Dada sun fi na Baba Mutaru ja.

"Goro ne, ƙawata. Shi yana ci don kada barci ya ɗauke shi a kan tuƙi. Ni kuma ina ci don ina so. Shekara guda ina zaune kusa da ke, ba ki taɓa kallon bakina ba. Kin tafi binciken hawa na huɗu!"

Baba Mutaru ya yi ɗan murmushi. Umma ba ta yi ba.

"Rufaida," in ji Umma, "ku a nan wasan talabijin ne. A gida, in aka ce mutum yana shan jini, ba wanda zai sake cin abincinsa. Akwai waɗanda suka bar garinsu saboda irin maganar nan. Tambaya huɗu kika yi yanzu, ko minti biyu ba ki ɗauka ba. Me ya hana ki yin su tun farko?"

"Sufeto ba ya tambaya," in ji Rufaida tana sheshsheƙa.

"Sufeto ba shi da maƙwabta," in ji Umma.

Rufaida ta durƙusa ta ba Baba Mutaru haƙuri. Ya ce ya yafe. Daga nan ta bi shi hawa na huɗu. Hidaya tana zaune kusa da akwatinta, har ta zuba kayanta a ciki.

"Hidaya, ni na jawo. Ki yafe min."

Hidaya ta ɗago kai ta kalle ta.

"A ɗaki kike ba ni haƙuri," ta ce. "Amma a gaban kowa aka yi min dariya."

Rufaida ta dawo gida tana tunanin maganar nan. Gaskiya Hidaya ta faɗa.

Dama malamarsu ta ce kowa ya rubuta ra'ayinsa a kan wani littafi ko wani shiri, a karanta ranar Juma'a. Rufaida ta je ta gaya mata duk abin da ya faru.

"Kin tabbata za ki iya faɗa a gaban aji?" in ji malamar.

"Ina jin tsoro, Malama. Amma zan faɗa."

Ranar Juma'a Baba Mutaru ya rako Hidaya har bakin aji. Rufaida ta fito gaba da takarda a hannunta.

"Ra'ayina a kan shirin ɗan sanda mai shan jini," ta fara. "Shekararsa ɗari uku, amma bai koyi shiga ta ƙofa ba."

Yara suka kwashe da dariya.

"Ba ya ganin kansa a madubi, amma gashinsa ya fi na kowa gyara. Garinsu babu mai kunna fitila. In an yi sata, labule yake shinshinawa. Kiɗan yana da daɗi, kwat ɗin ma tana da kyau. Amma kakata ta ce bai taɓa kuskure ba don mai rubuta labarin abokinsa ne. Na ba shi biyu cikin goma, ɗaya na kiɗa, ɗaya na kwat."

Har malamar sai da ta rufe baki. Rufaida ta jira dariya ta lafa.

"Ni na kwaikwaye shi, kuma ni ba wanda ya rubuta min labari. Na ce baban Hidaya mai shan jini ne. Ƙarya ce. Jinin marasa lafiya yake kaiwa gwaji, lokacin da mu muke barci. Ni na fara maganar, ba Hidaya ce ta yi laifi ba."

Ta ciro goro ɗaya daga aljihu, wanda Dada ta ba ta. Ta kankare shi da farce, wurin ya fara yin ja. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Jamal ya ɗan gutsura, ya yamutsa fuska.

"Kai! Ɗaci!" ya ce. Sannan ya juya. "Hidaya, sori. Ni na baza maganar."

Da lokacin cin abinci ya yi, Rufaida ta ɗauki farantinta ta nufi can ƙarshe, inda Hidaya take. Ta tsaya.

"In zauna?"

Hidaya ta kalle ta, ta janye jakarta daga kan kujera. Kafin su gama, teburin ya cika.

Hidaya ba ta koma Kumasi ba. Ranar Asabar ta hawo kallo. Dada ta ɓantari goronta, ta miƙe ƙafa. Sufeto ya shigo ta taga, ya fara shinshina kujera, yana hararar wani tsoho mai shara.

Rufaida ta miƙe tsaye.

"Ka tambaye shi mana!" ta ce da ƙarfi.

"Yawwa, ƙawata," in ji Dada. "Yau kin wuce shi muƙami."

Tun daga lokacin, in Rufaida ta ga abin da ba ta gane ba, sai ta yi sallama ta tambaya. Ta koyi cewa zato ba sani ba ne, kuma maganar da ka faɗa a kan wani ba tare da ka tabbatar ba tana iya raba shi da mutane. Littafin Binciken yana nan har yanzu, sai dai duk shafukansa tambayoyi ne.