Muryar Lauratu a Wayar Baƙuwa

A laburaren Dutsin-Ma Lauratu da Ikrima suka haɗu, ranar da marubuciya Hajiya Maimuna ta zo jawabi.

"Ku daina karatu ku kaɗai," in ji ta. "Ku shiga ƙungiya, ku yi ta musu a kan littafi."

Lauratu na rubuta sunanta a rajistar ƙungiyar karatu, Ikrima ya ari bironta. Biron nan bai dawo ba sai da ta ba shi lambarta.

Manomi ne a Birchi, damina ba ta barinsa ya zauna da littafi. Sai ta riƙa karanta masa babi-babi tana tura masa ta waya, kullum ta rufe da, "Sai gobe, sanyin idona."

Ranar wani suna a Kurfi, tana cikin zuba zoɓo, sai ga muryarta tana tashi daga wayar wata baƙuwa. Mata suka kasa kunne. Ana zuwa "sanyin idona" wuri ya kaure da shewa. Wayyo kunya! Kafin la'asar zancen ya isa kunnen mahaifinta, Malam Dalhatu, ya ce kada yaron nan ya ƙara taka masa ƙofar gida.

Ta tura masa: "Kai kaɗai na karanta wa. Ka ci amanata, Ikrima."

"Innata na tura wa, Laurata. Tana son labarin, ba ta iya karatu ba. Na manta ban yanke ƙarshen ba."

"Da sai ka tambaye ni."

Ta toshe lambarsa. Wata biyu ko ƙungiyar ba ta leƙa ba, ta rame, haushi na cinta.

Rannan sai ga Innar Ikrima da mata shida a ƙofar gida.

"Malam, ni na raba wa ƙawayena karatun," ta ce. "Duk Laraba muke zama mu saurara, ga shi an tsaya mana a babi na tara. Mu muka kunyata 'yarka. Mun zo ban haƙuri, iyayensa maza suna tafe da goro."

Malam ya kira Lauratu. "Me kika ce?"

"Baba, har yanzu ina jin haushinsa." Ta sunkuyar da kai. "Amma su zo ɗin."

Bayan girbi aka ɗaura aure, dangi na ta sa albarka.

"Kin yafe mini, amaryata?" Ikrima ya tambaya a hankali.

"Rabi," ta ce. "Sauran sai na ga kamun ludayinka."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.