Kiran da Ya Koma Ƙarshen Layi

Ɓarawon ya bar janareto da firij, ya ɗauki kwamfuta kawai. Sufeto Gidaɗo ya duba ƙofar ƙaramin asibitin kuɗin da ke Jega, ya ga ba a taɓa kwaɗon ba.

Kwamfutar ce ke jera kiran da ƙauyuka ke yi ta rediyon oba-oba, motar asibiti ta bi su bi da bi. Ranar da kira ya yi yawa, maciji ya sari wani manomi, Yari, a Gumbin Kure. Da hantsi aka kira, motar ta isa ana haƙa kabari. Danginsa suka ce sakacin Balkisu ne, mai karɓar kira, har sun tare ƙofar gidansu.

Balkisu ta rantse tana kuka cewa nan take ta shigar da kiran.

"Yallaɓai, injin nan kaɗai na shaidata. In ba a gane shi ba, mutanen ga ba su bari na da rai."

Mutum biyu ke da makulli, ita da Waliyyu, wanda ya rubuta manhajar. Shi kuwa ya ce sati guda yana gida Aliero, garin albasa, ko leƙo Jega bai yi ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A tasha, wani direba ya ce jiya ya ɗauko Waliyyu daga Jega da buhun albasa, yana rungume da buhun har Aliero.

"Wa ke kai albasa Aliero?" in ji Gidaɗo.

A ɗakin Waliyyu aka zazzage buhun, sai ga kwamfuta. Waliyyu ya durƙushe, ya zana da'ira a ƙasa. Ya ce kira a zobe yake zagayawa, mafi daɗewa na iya faɗowa ko'ina. In zoben ya cika, sai manhajar ta kwashe kiran zuwa babban zobe, kuma ya kamata ta fara daga mafi daɗewa. Tasa daga gurbin farko take farawa, shi ya jefa Yari ƙarshen layi. Don kada a gano haka ya sace kwamfutar.

"Yaushe ka gano?"

"Tun bara, yallaɓai. Gyaran rubutu layi biyu na. Cewa niy yi zoben bai cika har abada."

Gidaɗo ya sa masa ankwa, ya ce wa direbansa ba caji ofis za su fara ba.

"Gidan su Balkisu. Wannan zoben, a gaban 'ya'yan Yari za ka sake zana shi."